Maɓallin da Ke Jiran Amin

Hasina taubashiyata ce, don haka ina da izinin faɗar gaskiya: ba ta iya tuƙa tuwon asida ba, kuma ba za ta iya ba. Amma a ƙauyenmu na kusa da Kamlin, ita ce ta fara zuwa Wad Madani ta karanto kwamfuta, ta dawo gida saboda mahaifiyarta Hauwa da ciwon ƙafa ya kwantar.

Jam'iyyar manoma, wato ƙungiyarsu ta haɗin gwiwa, ta ɗauke ta gwaji a 2008. Ta rubuta musu manhajar neman tarakta: manomi ya zaɓi rana a tagar allo, ya danna maɓallin "Aika" da maus, wato linzamin kwamfuta. Ta ce mini aikinta raba saƙo ne kawai. Duk motsin hannu saƙo ne, ita ke tsara tagar da za ta karɓa da abin da zai amsa. Na ce, to sannu, Sarkin Tasha.

Samari suka danna, tarakta ta zo. Dattawa suka danna, shiru. Ga damina ta matso. Shugaban jam'iyya ya ce in ba a gyara ba kafin huɗa, kalas, shi ke nan, a koma yadda aka saba. Ma'anar haka Hasina ta tafi Hartum neman aiki, ta bar Inna Hauwa. Wallahi na tsorata.

Ta bincika manhajar ciki da bai, ba kuskure. Sai ta ja kujera ta zauna gefen Baba Abdussalami, wanda ya fi kowa ƙorafi, ta ce ya gwada tana kallo.

Baba ya ɗora yatsa, ya danna, ya riƙe. Ya rufe ido, ya yi bismillah, ya roƙi ruwa mai albarka da tsari daga fari, har da jikoki. Da ya zo shafawa, hannunsa ya ja maus gefe kafin ya saki.

Hasina ta fashe da dariya har da hawaye. A ƙa'idar manhaja, in ka danna a kan maɓalli ka saki a waje, ka fasa ke nan.

Baba ya ɓata rai. "Ɗiyata, mi anka yi? In bar addu'a don wanga ƙarhe?"

"A'a, Baba, ka ƙara ma. Manhajar ce za ta koyi ladabi."

Ranar ta sauya tsarin. Maɓallin da aka danna shi zai riƙe saƙon, ko a ina aka saki.

Washegari Baba ya dawo da dattawa, ya ja addu'a doguwa da gangan, ya shafa. Allo ya nuna ranarsa.

"Tamam!" in ji shi. Ya waiwayi shugaba. "Yarinyar ga ba ta zuwa ko'ina. Ku aika a gaya wa Hauwa."

Ni na ruga da saƙon, ko takalmi ban tsaya sawa ba.