Ramin da Baba Ya Toshe

Ranar wata Asabar a daminar da na shiga aji huɗu, hadari ya rufe garin Shiling na ƙasar Sin tun da hantsi, muna cikin tsohon zauren da 'yan kasuwar Kano ke taro. Asalinsa na wata ƙungiyar 'yan uwantaka ne ta Sinawa. Jikansu, tsoho Lam, ya damƙa wa Baba makulli da sharaɗi ɗaya: in wani abu ya sami dogon allon da aka sassaƙa sunayen mamatansu, mu kwashe tabarminmu.

Ginin yana da ban haushi. Tsakiyarsa a buɗe take ba rufi, ƙasan wurin ya faɗa kamar kwano, da wani rami a kusurwa. Nan nake 'yar gala-gala in na gama shara. Ɓeraye suka ishe mu ta ramin, Baba kuwa mutumin Kano ne, ba ya ganin kafa ya ƙyale. Ya kwaɓa siminti ya toshe, har yana cewa, "Mutanen nan sun iya katako, amma ba su san rufi ba."

Da ruwa ya kece ranar Asabar ɗin muka gane ramin magudana ce. Kwanon ya cika, ruwa ya hau dakali ya nufi bangon da allon ke jingine. Tsoro ya kama ni sosai. Baba ya miƙo mini guduma, ya ce, "Hadiza, daki inda na shafe, kar ki tsaya!" Shi kuma ya cicciɓi allon ya ɗora a ka. Na durƙusa, ruwa har ƙirjina, ina duka ba na ganin abin da nake duka, ina jin nishinsa a bayana. Sai da tafina ya fashe simintin ya faɗa.

A haka tsoho Lam ya same mu, ruwa na zurarewa, Baba na tsaye da sunayen kakannin wani a kansa. Baba ya ce in ciro makulli daga aljihunsa in miƙa. Tsohon ya karɓa, ya mayar cikin aljihun da hannunsa.

Yanzu an gyara zauren, an saka allon cikin gilashi, baƙi na ɗaukar hoto. Baba ya rasu a Kano. In na je, kusurwar nan nake fara dubawa, kewarsa ta cika ni. Har yau da guntun simintinsa a bakin ramin.