Jan Tabo a Farin Wando

Har yau in na ji ana cewa a rediyo za a raya wasanni tun daga tushe, sai in murɗe tashar. Na san tushen da suke nufi, a ɗakina yake kwana.

Lokacin muna Karmo, ina tuyar waina a bakin titi, 'yata ta biyu tana ƙaramar sakandare. Rannan 'yan wani kwamitin wasanni suka dira makarantarsu da mota da mai ɗaukar hoto, wai sun kawo kurket. Ba wanda ya san abin a unguwarmu. Wani katako ne mai faɗi, da sanduna uku da ake kafawa a ƙasa, da jar ƙwallon fata mai tauri kamar goriba. Suka yi jawabi, aka tafa, suka bar wa yara koci guda a fili ba inuwa, ba ko ruwan sha. Ba su sake leƙowa ba sai ranar zaɓen 'yan wasa.

Babanta ya yarda ne don ya ji dogon wando ake sawa a wasan. Ni ban so ba, amma yarinyar nan ta kamu. Ashe Allah ya ba ta hannun jifa. Ta daina zama, ta daina cin abinci a nitse, ko lemo ta ɗauka sai ta juya shi a yatsu. Burinta ɗaya, a sa ta cikin waɗanda za su wakilci yankinmu a gasa.

Da ranar zaɓe ta zo, kwamitin ya raba musu fararen kaya, aro, aka kwashe su zuwa wani fili wajen Jabi. Na kife tandata na bi su. Nan na ga yadda masu jifa ke yi: kafin su jefa sai su goga ƙwallon a cinya, gefe ɗaya ya yi sheƙi, don ta karkace a iska ta ruɗe mai katako. Haka koci ya koya mata, kuma ita ta fi kowa jifa a ranar, saboda haka wandonta ya fi na kowa jan tabo. Ta yi ta zubar da sandunan mutane, ni kuma ina ihu kamar na san dokar wasan.

Sai da aka tashi ogan kwamitin ya iso, waya a kunne, wasu mata biyu na ofishinsu suna biye da shi. Bai ga jifa ko ɗaya ba. Aka jera yara don hoto. Matan nan suka hango wandon 'yata, suka haɗa kai suna raɗa, ɗaya ta zo da gudu ta ɗaura mata mayafi a ƙugu a gaban kowa. Wai al'ada ce ta zo mata. Yara maza suka fashe da dariya.

Oga ya yatsine fuska. "Wannan yarinya bai da tsabta," in ji shi da gurguwar Hausarsa. "Kayan gwamnati ne fa. A cire shi daga layi."

Na kutsa gabansa. "Ranka ya daɗe, rinin ƙwallo ne! Ga koci nan, ka tambaye shi."

Koci ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Aikinsa yake tsoro. Shi na fi tsana a cikinsu, don shi ya sani.

"Madam, je gida ka koya masa wanki," oga ya ce, ya juya yana gyara hula. Aka matso da wata yarinya mai wando fari ƙal, wadda ko taɓa ƙwallo ba ta yi ba ranar, aka cike gurbin.

Na zazzage su tas, ban rage kowa ba, har maigadi ya raka mu bakin ƙofa. A mota ina ta masifa, ita kuwa ta zuba wa tabon wandonta ido. Na ɗauka fushi take taya ni.

Da muka isa gida na leƙa maƙwabta in huce. Ina dawowa na tarar da ita tsugune a bayan ɗaki, ta jiƙa wandon a ruwan bilic tana dirza, yatsunta duk sun saɓule. Na ce ta bari, ba laifinta ba ne.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mama, in ya fita fes, kina ganin za su mayar da ni?"