Mama Dokas Mai Daddawa da Ɗorawar Iware

Haihuwa da karatu

An haifi Dokas Manasseh a shekarar 1949 a garin Iware, kusa da Jalingo. Mahaifinta Manasseh manomin doya ne, mahaifiyarta Keziah kuwa sana'ar daddawa ta gada, ita ce kuma ta ɗora 'yarta a kai tun tana ƙarama. Dokas ta shiga firamare a 1957, ta tsaya a aji huɗu, kuma har ƙarshen rayuwarta ba ta yarda an ce karatun bai isa ba.

Aure da sana'a

A 1968 ta auri Tobiya Andrawus, kafinta, suka zauna a unguwar Nukkai ta Jalingo, inda Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Shekara arba'in da ɗoriya tana dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, tana yin daddawar da ta shahara a unguwa, har baƙo kan gane gidan da hanci kafin a nuna masa. Maigidanta ya rasu a 2006.

Tun daga wannan lokaci kalwa ta fara wuya, saboda masu gawayi sun bi itatuwan ɗorawa da gatari, ba kunya ba tsoron Allah. Abin ya dame ta ainun, ta riƙa cewa sana'ar uwarta za ta riga ta shiga kabari.

Aiki da matasa

A 2014 jikarta Cynthia ta kammala karatun aikin gona, ta yi shekara tana yawon neman aiki ba ta samu ba. Ita da abokin karatunta Sirajuddeen suka tara matasan unguwa, Kirista da Musulmi, da nufin renon dashen ɗorawa a tsohuwar gonar Manasseh da ke Iware. Suka roƙi Mama ta ba su kalwa, ta cika musu buhu da murna.

Suka shuka a leda, suka yi wata biyu suna ban ruwa safe da yamma, ko tsiro ɗaya babu. Ashe kalwar ta kwana a kan wuta! Da aka tuntuɓe ta, cewa ta yi: "Yo ni kalwa bai taɓa fita gidana ɗanye ba. Ku ma da digirinku ba ku gani ya dahu ba?" Aka yi dariya har da hawaye, amma damina ta wuce, kuma ga mai shekara sittin da shida asarar damina ba wasa ba ce, tunda ɗorawa kan daɗe kafin ta yi 'ya'ya.

A daminar 2016 aka sake, wannan karon da ɗanya. Mama ta koma tana zaɓen iri daga itatuwan da ta sani tun ƙuruciya, matasa na reno da dashe, sannan suka koya mata busar da daddawa a ƙulle ta a leda, ana tallarta ta waya har Legas. Ta kira wayar "kasuwar malalata", amma kullum sai ta tambayi abin da aka sayar. Matasa da dama sun samu sana'a ta wannan hanya, wasu masu gawayin ma suka dawo dashe.

Rasuwa

A Afrilun 2024 itatuwan farko suka yi 'ya'ya. Aka kai ta Iware a Keke Napep, ta ɓare ɗaya da hannunta, ta tsotsi garin, ta ce a kai mata kalwar gida. Ita da kanta ta dafa, ta yi daddawa.

Ta rasu ranar 9 ga Yuni, 2024, tana da shekara saba'in da biyar. Aka yi sujadar jana'iza a majami'arsu ta Nukkai, aka binne ta a Iware. Ta bar 'ya'ya huɗu: Elijah, Nathaniel, Joseph da Rifkatu, da jikoki goma sha ɗaya. Miyar da aka ba masu ta'aziyya, da daddawar nan ta ƙarshe aka yi ta.