Sai-Na-Gani da Kwalbar Farko

Shekara goma sha tara ina tura keken marasa lafiya a sashen masu ciwon daji, ina kai jini ɗakin gwaji ina dawo da takarda. Na ga masu iya magana da yawa. Masu iya aiki kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma cikinsu akwai nas ɗin da muke kira Sai-Na-Gani.

Sunan daga bakinta ya fito. Ka ce mata mara lafiya ya ci abinci, ta ce sai na gani, ta je ta buɗe kwanon. Gajeriya ce, tana ɗan jan ƙafar hagu, kuma ba ta iya hira ba. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata uku, da aikin allura ta raine su. Ni kuwa Direba take ce mini, saboda keken.

Da aka kawo sabon magani, likita ya tara mu ya yi bayani. Ya ce wannan ba shi ke kashe cutar da kansa ba, garkuwar jikin mutum yake sakar wa mara ta far mata. Matsalar ita ce wani lokaci garkuwar kan wuce cutar ta auka wa hanji, ko hanta, ko zuciya. Akwai alamomi a jini da kan motsa kafin mutum ya ji komai, amma sai an san yadda jininsa yake tun asali. Don haka kafin ƙarin ruwan farko a ɗebi kwalba ɗaya daban, a rubuta rana da lokaci, a ajiye a firiza.

Kowa ya gyaɗa kai. Bayan wata biyu, in layi ya kai bakin ƙofa, mutum ɗaya ce kawai ke tunawa da kwalbar nan.

Sai cutar ta shigo gidanmu. Yayana tela ne, shi ya riƙe ni bayan mahaifinmu, kuma a huhu aka gano masa ita. Ranar farko Sai-Na-Gani ta ɗebi jininsa, ta ƙara ɗibar wani.

"Sista, miya za ki yi da shi?" in ji Yaya.

"Miƙo hannun, Malam Tela. Kai in za ka yanka yadi ba ka fara awo?"

Ruwa biyu ya sha, tari ya ragu, ya koma kan keken ɗinkinsa. Ranar na uku ya zo da wuri, yana sauri, ya bar ɗinki a shago. Dokar ita ce a ɗebi jini, a jira sakamako, sannan a rataya ruwa. Ni na san yadda ake tsallake dokar nan, na sha ganin an yi. Na ja Sai-Na-Gani gefe.

"Sista, ki taimaka ki rataya masa. Takarda ta same shi a kan gado. Lafiyarsa lau, ke ma kin ji ya faɗa."

"Na ji ya faɗa. Na kuma ga ya huta sau biyu a kan matakala."

"Tsufa ne."

"Sai na gani, Direba. Ungo, kai."

Raina ya ɓaci. Na karɓi kwalbar na nufi ɗakin gwaji. Mai gwaji ya gama, ya ce alamar zuciya ta ɗan ɗaga, amma ba ta ƙetare layi ba. Na dawo ina kaɗa takarda kamar na ci shari'a. Ta duba, ta miƙo mini abata.

"Layin kowa da kowa ke nan. Ina nasa layin? Koma ka ce a ciro kwalbar farko."

Sai da aka narkar da ita, sai da aka sake juya na'ura. Awa biyu. Yaya yana ta tsaki, yana cewa da ya sani da ya taho da kekensa. Da mai gwaji ya jera lambobin biyu, bai miƙo mini takardar ba. Waya ya ɗauka ya kira likita. Abin ya ninka sau huɗu a kan na farko.

Ba a rataya ruwan ba. An kwantar da shi, an manna masa wayoyi a ƙirji, an soma ba shi maganin da ke lafar da garkuwa. Likita ya ce zuciyar ta fara kumburi, kuma da ruwan nan ya shiga, ba ya son ya faɗi sauran. Ya ƙara da cewa gwajin ba kowa yake nunawa ba, mu dai mun dace. Na fita na zauna cikin keken da nake turawa. Ni ne na roƙa a rataya.

Ba ta taɓa tuna mini ba. Washegari cewa kawai ta yi, "Direba, tayarka na ƙara, sa mata mai."

Kwana tara ya yi. An dakatar da sabon maganin, aka canza masa wani, hoto kuma ya nuna ƙarin da ke huhun ya ragu. Bayan wata guda na same ta tana liƙa takarda a jikin kwalba, na ce mata Yaya ya warware, har ya koma aiki.

"Sai na gani," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na kai masa saƙon. Ya yi dariya har da tari. Da safe ya zo, na nuna masa lif ya ture hannuna. Ita tana tsaye a saman matakala, hawa biyu, tana duban agogon da ke ƙirjinta. Bai huta ko sau ɗaya ba.

"To, Sista?"

Ta kama wuyan hannunsa, ta ƙirga, ta saki.

"Na gani. Zauna, miƙo ɗayan in ɗebi jini."