Tamostat ɗin da Maigida Ya Cire

Ban zo Guangzhou don in yi aikin motar tsere ba. Na zo ne in riƙa zaɓar wa 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kayan gyara, fistan da ringi da gaskit, in tsaya a kansu har su shiga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ina kwana a wani ɗaki a unguwar Sanyuanli wanda tagarsa bangon maƙwabta take kallo. Wata rana motar kayan wani ɗan Chana ta mutu a gabana, na leƙa, na tayar masa da ita. Ya bi ni da kallo, ya ce in zo garejinsa gobe. Haka na koma kanikanci a ƙasar da ko allon bakin titi ba na iya karantawa. Takardar zamana ma shi ya tsaya mini, don haka tun ranar wuyana yana hannunsa. Lawban muke ce masa, yadda ake kiran duk mai wuri a nan.

Garejin yana can bayan unguwar Baiyun, inda gidaje ke ƙarewa rumbunan kaya su fara. Mota ɗaya ce aikinmu. Doguwa ce siririya kamar kwalekwalen da aka kife, direba kwanciya yake yi a cikinta. Ba ta san kwana ba. A tirela ake ɗaukarta zuwa wani tafki da ya ƙafe can arewa maso yammacin ƙasar, inda ƙasa ta baje kamar faranti, a sake ta ta miƙe sak, ita kaɗai, agogo yana auna ta. Giyarta mun ɗaga har ba ta iya tashi da kanta, sai wata mota ta turo ta tukuna. In za ta tsaya, lema take saki a bayanta. Ranar da na fara ganinta na ce wannan wasan masu ƙoshi ne, kuma har yau ban canja ra'ayi ba. Aikin ne dai ya shiga jinina.

A nan na ga ana ɗora fistan a sikeli kamar zinariya, wanda ya fi 'yan'uwansa nauyi a goge shi har su zo ɗaya. Karanshaf da farfela sai an juya su a na'ura an tabbatar ba sa rawa, domin rawar da ba za ka ji a motar haya ba, a irin wannan gudun ita ce za ta tsinke farfela ta huda ƙasan mota, direba kuwa a kai yake kwance. Noti ba a ɗaure shi da ƙarfin ƙirji. Akwai sifana mai geji, ka saita ta, ka ja har ta ce ƙas, ka tsaya. Ni da na bar makaranta a ƙaramar sakandare, da ido da zagi na koyi duk wannan. Zagin da yarensu ne, bai cika zafi ba.

Mutumin da ya fara koya mini riƙon sifana yana Kano. Shi ya karɓe ni lokacin da boko ya ƙi ni, ya ciyar da ni, ya mare ni, ya tsaya mini a aurena. A zamaninsa mota tana shigowa layi, daga inda yake zaune zai faɗi wace silinda ce ba ta ci. Sai motoci masu kwamfuta suka zo, masu mota suka koma wurin masu na'urar da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Garejinsa ya zama wurin hira. Abu ɗaya ya rage masa: har yanzu in ya sa hannu a inji ya yarda ya san abin da yake yi, mu da muka fito daga hannunsa kuma muna ba shi wannan girman. Da shi yake tashi kowace safiya.

Wani Alhaji mai shigo da tsofaffin injina ya kawo shi Guangzhou, wai ya riƙa sauraron ƙararsu kafin a loda. Ni na san tausayi ne da neman lada, don Alhajin yana da nasa mai kwamfutar. Na je gaishe shi a masaukinsu a titin Liuhua Lu. Ya tsufa, amma bakin yana nan.

"Kai ne ka ajiye wannan tumbin? Me suke ba ka, kwaɗi?"

"Shinkafa ce kawai, Maigida."

"To ina motar da ake cewa tana gudu kamar jirgi? Ko ƙarya kake shara wa mutane a waya?"

Na ce wurin da nisa. Ya ce shi ma ai daga Kano ya zo. Ban so kai shi ba. Na san halinsa, ba ya iya ganin inji ya bar hannunsa a aljihu.

Lawban ya karɓe shi fiye da yadda na zata. Da na ce wannan ne ya koya mini aiki, sai ya miƙe, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya kira shi shifu, sunan da suke ba babban malamin sana'a. Ya dafa shayi da kansa, ya zuba a 'yan kofunan nan da ba sa kai wa maƙogwaro. Maigida ya kurɓa, ya dube ni.

"Ba sukari, ba madara. Ruwan zafi ya ba mu ke nan."

"Me ya ce?" in ji lawban.

"Ya ce shayin ya yi daɗi."

Injin yana kan bencin gwaji, an haɗa masa tiyo da wayoyi, saura gwajin ƙarshe a mayar da shi cikin mota. Lawban ya ce don girmama baƙo za a tayar da shi bayan hutun rana, shifu ya saurara ya faɗi abin da kunnensa ya ji. Da na fassara, na ga Maigida ya gyara zaman hularsa. An daɗe ba wanda ya nemi kunnensa da gaske.

Mutanen nan in sun ci abincin rana barci suke yi, ko me ake ciki. Kowa ya ja kwalinsa ko kujerarsa, lawban ya shige ofis. Ni kuma na fita sayo mana taliya wurin Musulmin Chana masu farar hula, don Maigida ya ce ba zai ci naman da bai san wanda ya yanka ba. Na ce ya zauna ya huta. Na tarar da layi a shagon.

Da na dawo, ya naɗe hannun riga yana goge yatsu da tsumma, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir. Ga tamostat a kan tebur, ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwa a cikin inji har sai ya ɗau zafi kafin ya bar shi ya wuce lagireto.

"Na cire maka shegen," ya ce. "Duk iliminsu sun bar shi a ciki. Kai ma ka gani ka yi shiru? Haka na koya maka?"

Ba haka ya koya mini ba, gaskiyarsa. A Kano duk motar da ta sauka daga ƙasar sanyi, abin da muke fara yi ke nan: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, kada zafinmu ya dafa inji. Ni kaina waɗanda na cire na jefa a kwata ban san iyakarsu ba. Kyauta ya yi mini, irin wadda ya fi iyawa. Har ya rufe murfin ya ɗaure da hannu, da ƙarfin nan nasa, a jikin alminiyom da ba ya son ƙarfi.

Amma wannan injin ba Kano za shi ba. Inda za a kai shi, da safe ruwa ƙanƙara yake zama. An auna fistan da silinda ne a kan wani zafi. In inji bai kai wannan zafin ba aka taka shi, fistan zai kumbura kafin silinda ta buɗe, ya kama. Inji ya kama a irin wannan gudun, tayoyin baya su tsaya cak, mota ta wuntsila da mutum a ciki. Dole a mayar da shi. A kan wannan ban yi kuskure ba, ko gobe aka sake haka zan ce.

Mai hankali zai ja tsoho gefe ne, ya ce Maigida, dokar masu tseren ce, ba sa yarda sai da shi, zo mu mayar kafin su tashi. Da ya zage su, ya mayar da shi da hannunsa. Ina tsaye da ledar taliya ina neman ta inda zan fara, ƙofar ofis ta buɗe.

Lawban ya ɗauki tamostat ɗin, ya dubi injin, ya dube ni. Ni ya duba, don hannuna ne ke shiga injin nan. Ya tambaya wa ya yi. Takardar zamana ce ta faɗo mini a rai. Na ɗaga yatsa na nuna Maigida, mutumin da ko sunansa ban taɓa kamawa da bakina ba.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sauran ma'aikatan sun tashi sun kewaye mu, ni kuma bakina ya ƙi rufuwa. Da guntun yarensu na ce a ƙasarmu haka tsofaffi suke kashe injina su ce gyara suka yi, shi ya sa na gudo. Har na kwaikwayi yadda muke jefa shi ta bayan kafaɗa. Suka yi dariya. Lawban bai yi ba, ya dai ce a mayar, a duba zaren ƙusoshin.

"Me ka gaya musu?" Maigida ya tambaye ni.

"Ba komai. Mamaki suke yi."

"Mamakin me?"

"Saurinka."

Ya yi murmushi, ya ɗaga musu hannu. Ni kuma na karɓi tamostat ɗin na nufi injin.

Bakanike ba ya bukatar tafinta. Ya ga na kwance abin da ya ɗaure. Ya ga ɗaya daga ƙusoshin ta fito da zaren alminiyom a jikinta, an kawo abin sake zare, an miƙo sabon gaskit. Ya dubi masu dariyar, ya dube ni, ya sauke hannun rigarsa. Na ɗauka fita zai yi, ko ya zage ni ta uwa ta uba, kuma da na fi son haka. Sai ya matso ya tsaya a hagu da ni, inda mai koyon aiki yake tsayawa, ya riƙa miƙo mini kaya. Kafin in buɗe baki, sifanar da nake so tana tafina. Ya riƙe mini fitila. Da na zo ɗaurewa ya ɗauko mai gejin, ya jujjuya ta yana dubawa.

"Wannan ce mai ƙara?" ya ce a hankali.

"Ita ce, Maigida."

"To ɗaure."

Na ja, ta yi ƙararta, ya gyaɗa kai.

Aka tayar da injin. Ƙararsa har cikin haƙori take shiga. Da aka kashe, lawban ya cika alkawari, ya juyo ya tambayi shifu abin da ya ji. Na fassara. Maigida ya ce, "Gaya masa kunnena ya tsufa." Na ce wa lawban ya ce lafiya lau.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa wani ya tashi ya ba shi kujera, ya zauna yana kallon takalmansa. Na fara yi masa bayanin sanyi da fistan da silinda.

"Na gane," ya ce.

Na ci gaba.

"Na ce na gane, Injiniya."

Bai taɓa kirana haka ba, kuma ba gatse a muryarsa.

Washegari Alhaji ya bugo mini waya. "Me ka yi wa tsohon nan? Ya ce ba zai je wurin injinan ba, wai a kai mai kwamfuta." Na ce gajiya ce. A masauki ya zauna har ranar tashinsu. Na je rakiya, ya ba ni hannu, ya sa mini albarka yadda ake sa wa ɗan maƙwabta.

Na raba laifin nan ga mutane da yawa. Na ba Alhaji kasonsa, shi ya ɗauko tsoho daga inda ya saba. Na ba masu barcin rana, na ba mai taliya da layinsa, na ba duk wanda ya fara turo mana motocin ƙasar sanyi ba tare da ya ce mana uffan ba. Ba wanda ya riƙe. Motar ta je tafkinta ta yi gudunta, direban ya dawo da ƙafafunsa, aka yi walima aka ɗau hoto. Sun ce aikina ya yi kyau. Na ji.

Daga baya labari ya zo mini cewa ya miƙa mukullin gareji ga ɗan ƙanensa, yanzu a gindin masallacin unguwa yake wuni. Ina kiransa a waya, yana ɗauka, ba ya gaba da ni. Kwanan baya na ƙirƙiro wata matsala da babu ita.

"Maigida, akwai wani inji a nan, in ya ɗau zafi sai ya riƙa wata 'yar ƙara ta ƙasa. Na yi, na yi, na rasa gane kansa. Me kake gani?"



"Ku da kuke da na'ura," ya ce. "Ana ruwa a can?"

Na ce ana yi.