Baba Kwaɗo da rijiyar da ta rage

Da hantsi za ka gan shi yana bin lungu, igiya a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da busasshiyar laka. Yara ne suka sa masa Baba Kwaɗo, don kullum daga rami yake fitowa. Bai taɓa jin haushi ba, sai dai ya ce, "To ai kwaɗo ya san inda ruwa yake." Aikinsa yasar rijiya. Ya shiga, ya kwashe laka da duk abin da ya faɗa, har idon ruwa ya buɗe. Matan unguwarmu sun sha karɓar cokali da ɗan kunne da takalmin yaro daga hannunsa.

A watan nan ya daina shiga, ƙirjinsa ba ya ɗauka. Matarsa ce ta ɓoye igiyar, ta ce, "Malam, in ka maƙale a ciki, ni da wa za mu jawo ka?"

Da aka kawo mana famfo, murna ta sa muka ga rijiya ta zama tsohon yayi. Mutane suka shiga mai da tasu masai, wai rami ne a haƙe, me za a jira. Shi suka fara kira ya yi aikin, ya ƙi. Telan unguwarmu na nan da ransa, a gabansa wani mai gidan haya ya ce, "Baba, wai rijiyar nan tawa ce ko taka?"

"Bakinta naka ne, Alhaji," in ji shi. "Ruwan ciki na unguwa ne. A ƙarƙashin ƙasa babu katanga. Abin da ka zuba a taka, maƙwabcinka zai sha."

Gida gida ya bi yana roƙo: in ba ku so, ku rufe ta kawai, wata rana za ku neme ta. Da hannunsa yake kwaɓa siminti ya yi murfi. Kaɗan ne suka ji. Sauran suka ce tsoho na kukan sana'arsa ne.

Yau famfo sai ya ga dama yake zuwa. Waɗanda suka ji maganarsa sun buɗe murfinsu, amma ruwan wari yake, ko wanki ba ya yi, don na masan maƙwabta ya gauraya da shi. 'Yar tela ta sha, ta kwanta da ciwon ciki har muka tsorata. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba.

Baba, kai ne mai shiga inda kowa ke leƙe. Kai ka ga ƙasa daga ciki, ka fito ka faɗa mana, muka yi maka dariya. Ko sau ɗaya ba ka ce mana "ai na gaya muku" ba. Wannan shirun naka ya fi faɗa ciwo.

Rijiya ɗaya ce ta rage mai ruwan daɗi, a gidan marigayi mai gyaran keke, can kan tudu. Magada sun gina ɗakunan haya, ita ma suna so su haɗa mata bututun banɗaki. Da Baba ya je roƙo, babban ɗan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba mai jan ta."

"In ana ja fa, ɗana?"

Ɗan ya ce, "In ana ja, ba zan zuba wa mutane ƙazanta a ruwan sha ba."

Tun daga ranar Baba ke hawa tudun nan kowace safiya. Rabin guga yake iya ja, ya huta, ya yi tari, ya sake. Ya cika wa tsofaffi randa, saura ya ba bishiyar ƙofar gida. Jiya na tarar da shi gugan ya tsaya a tsakiya, ya dafa bakin rijiyar yana haki. Da na ce ya bari haka nan, sai ya ce, "Ran da aka leƙo ba a ga kowa ba, shi ke nan."

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Ku kuma jama'a, ba a ce mu shiga rami ba, ja kawai za mu yi. Ƙofar gidan marigayin a buɗe take tun safe. Wanda ba shi da guga, akwai na Baba.