Ragowar Maganin Wake

Shekaranjiya da hantsi maƙwabcinmu ya wanke famfon feshinsa a bakin kwata, warin ya tsallako katanga ya same ni ina tankaɗe. Ban san sanda na yar da rariya ba. Na sunkuci yarinyata da hannu ɗaya, ɗaya hannun na jawo kwalin da ɗan kwikwiyonmu yake kwana a ciki, na shige ɗaki na turo ƙofa. Maigidana ya ce tsorona ya yi yawa. Ƙila da gaskiyarsa. Amma shi bai san abin da warin nan yake tono min ba. Ban taɓa zama na faɗa wa kowa ba sai yau, ku yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na tsaya.

A wani ƙauye wajen Kwandiko na tashi, ƙasar Gwaram. Gidanmu babba ne. Akwai kakana na wajen uba, akwai mu da Inna, sai ƙanin babana da muke ce wa Baffa da iyalinsa. Babana ya fi zama a kudu wajen nema, don haka gona da rumbu duk a hannun Baffa suke. Gonar tana gindin dutse, birai kuwa ba sa bari a ci gyaɗa cikin daɗin rai.

Ina da shekara tara kakana ya je rugar danginsa ya dawo da wani abu yana motsi a aljihun rigarsa. Ɗan kwikwiyo ne ja, mai farin wuya, ko tafiya bai gama iyawa ba.

"Amaryata, zo ga sadakinki," in ji shi, don haka yake tsokanata.

Inna ta ɓata rai. Ta ce najasa ba za ta shigar mata tsakar gida ba. Sai aka yi masa wuri a bayan rumbu, da tsohon buhu da wani kasko mai ɓallen baki. Ni aka ɗora wa hidimarsa, bisa sharaɗin duk sanda na taɓa shi in wanke hannu da ƙasa kafin in kusanci tulu.

Kakana bai yi boko ba, amma ya san dabba kamar yadda Inna ta san tukunyarta. Ya koya min in jiƙa ƙanzo ya yi laushi, in zuba ɗan nono, in ba shi kaɗan-kaɗan sau uku, kada in cika masa ciki. Ruwansa kullum sabo. Ƙashin kaza kuwa ko kusa. Da yamma sai ya zauna a kan turmi ya kife kwikwiyon a cinyarsa, ya buɗe kunnen, ya buɗe tsakanin yatsun, yana tsince kaska ɗaya-ɗaya yana jefawa a garwashi. Har yau ina jin ƙarar fashewarsu. In ya gama sai ya shafe shi da toka mai sanyi, ranar Juma'a kuma a yi masa wanka da ruwan ganyen darbejiya, a shanya shi a rana. Ya ce da zarar ya ƙara ƙwari zai kai shi wajen malamin dabbobi ranar kasuwa a yi masa allura, a ba shi maganin tsutsa.

Ƙarshen damina ya zo, wake ya fara fure, sai ƙafar kakana ta kumbura. Aka ce sai an kai shi asibiti a Birnin Kudu. Ranar tafiya, ana jiran mai babur, ya kira ni bayan rumbu.

"Amana na bar miki. Ki tsince masa da hannu yadda kika ga ina yi. Kada ki bari kowa ya sa masa magani sai na dawo."

Na ce to.

Kwana shida ina yi. Sai dai yatsuna ba irin nasa ba ne, kaska kuma a lokacin nan kamar ana zubo ta daga sama. Kwikwiyon ya yi ta susa har bayan kunnensa ya yi ja.

A rana ta bakwai, wajen azahar, Baffa ya dawo daga feshin wake, famfo goye a bayansa, ƙyalle ɗaure a hancinsa. Ya tarar da ni durƙushe ina tsinta. Ya tsaya ya yi dariya.

"Ke da tsohon nan ba ku da aikin yi. Abin da ke kashe tsutsar wake ne zai gagara kashe kaska? Matsa can."

Ya girgiza famfon, da saura a ciki. Ya taka buhun da ƙafa, ya danna hannun famfon, ya jiƙe kwikwiyon sharkaf tun daga kai har jela. Ina tsaye. Maganar kakana tana bakina, wallahi har harshena ya ɗauko ta. Amma a gidanmu yarinya ba ta ce wa baffanta bari. Na sunkuyar da kai na ce, "Sannu da aiki, Baffa." Abin da na faɗa ke nan.

Kwikwiyon ya girgije, ya koma lasar jikinsa. Kafin la'asar ya fara amai. Jikinsa ya ɗauki ɓari, ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarsa, kumfa na zuba daga bakinsa. Na ruga madafa na ɗebo manja a murfin kwano, don na taɓa ji ana cewa yana karya guba. Matar Baffa ta hango kumfar ta ƙwalla ihu.

"Haukan kare! Ku janye yara!"

Inna ta fizgo ni, manjan ya zube a zanina. Maza suka shigo da sanduna, Baffa ne a gaba. Ban ga abin da aka yi ba, Inna ta danna fuskata a cikinta. Amma kunne ba shi da murfi.

Da yamma aka yi ta shigowa yi mana barka. Ana ta cewa Allah ya yi wa Baffa albarka, ya tsare gida. Aka duba hannuwana da ƙafafuna ko akwai cizo. Ba wanda ya tambaye ni me ya faru da azahar.

Kakana ya dawo bayan kwana huɗu yana dogara sanda. Aka ba shi labari a zaure, ana ta sa wa Baffa albarka. Ya lallaɓa bayan rumbu, na bi shi. Buhun yana nan. Ya ɗaga shi da bakin sanda ya kai kusa da hanci, ya daɗe a haka.

"Kina wurin?"

"Ina wurin."

"Ba ki yi magana ba?"

Na tsura wa buhun ido. Shi kuwa ya kife kaskon ya tafi. Na yi shekaru ina ganin laifina ne ni kaɗai. Sai da na girma na lura cewa shi ma bai yi maganar ba. Baffa ɗansa ne, a gabansa aka yi ta sa masa albarka, bai ce masa uffan ba, saboda Baffa ne ke ciyar da gidan. Ni mai shekara tara aka tambaya. Kakana ya rasu damina biyu bayan nan, bai sake kawo kare gidan ba, birai suka ci gaba da cin gyaɗarsu.

Yanzu ina aure a Birnin Kudu. Da maigidana ya kawo kwikwiyo saboda masu ɗauke mana kaji, ni na sa shi a kwali na kai shi asibitin dabbobi da ƙafata, goyo a baya, masu shago suna min dariya. An yi masa allura, an ba ni ranar komawa, an ba ni hodar kaska da aka yi don shi. Duk abin da kakana ya so yi, yanzu tafiyar minti kaɗan ce.

Watan jiya Baffa ya sauka a gidanmu, ya zo a duba masa ido. Ya tsufa, ya je Makka, gemu ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, na dama masa fura. Yana sha sai ya hango kwikwiyon yana susa, yarinyata tana rarrafe kusa da shi. Ya juya wajen maigidana.

"Ba ku da ragowar maganin wake? Ku ɗan fesa masa, yanzu kaskar za ta zube."

Na ji muryata ta fito.

"Baffa, ba za a fesa ba. Shi ya kashe na Kaka."

Na jira faɗa, ko ya sunkuyar da kai, ko wani abu dai. Sai ya ɗago daga ƙwaryar yana goge gemu, ya dube ni da idon nan mai yana.

"Wane? Mun taɓa yin kare a gidan ne?"